Umarnin Hani daga Kotu Idan an Saɓa Yarjejeniya: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar ciniki ya lalace, abin da mutane da yawa ke fara faɗa wa lauya shi ne, "A samo mini oda." Odar da suke nufi ita ce umarnin hani, wato kotu ta ce wa mutum kada ya aikata wani abu, ko ya dakata da wanda ya fara. Tana da ƙarfi, amma samunta ya fi yadda ake zato wuya, kuma tana iya juyowa kan wanda ya nema. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi kotunan Najeriya ne, sai tambaya ta ƙarshe da ta leƙa Nijar. Bayani ne na gaba ɗaya, ba zai maye gurbin zama da lauyan da ya karanta takardunka ba.

Me ya bambanta umarnin hani da diyya?

Diyya tana zuwa bayan ɓarna ta auku: a lissafa asararka, a ce wanda ya saɓa ya biya. Umarnin hani kuwa tarar ɓarnar yake yi tun ba ta auku ba, ko ya tsayar da ita a inda ta kai. Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan muhimmanci. Idan ka tabbatar an saɓa yarjejeniya kuma ka yi asara, diyya haƙƙinka ce. Umarnin hani ba haƙƙin kowa ba ne, ganin damar alƙali ne, ko da yake ganin damar tana da ƙa'idoji.

Asalin wannan daga Ingila ne. A can, kotunan dokar gama-gari kuɗi kawai suke yanke wa mutum, sai wata kotu daban, ta Chancery, take ba da umarni a kan mutum idan kuɗi ba zai wadatar ba. An haɗe kotunan biyu tsakanin 1873 da 1875, kuma Najeriya ta gaji ƙa'idojin ɓangarorin biyu tun zamanin mulkin mallaka. Shi ya sa har yau lauya a Kano ko Kaduna yake kafa hujja da hukuncin da aka yanke a Landan fiye da shekara ɗari da ta wuce.

An saɓa mini alkawari ƙiri-ƙiri, ga takarda ga shaidu. Me zai hana a ba ni?

Tambayar farko da alƙali zai yi wa kansa ba ita ce ko an cuce ka ba. Ita ce: kuɗi zai iya gyara wannan cutar? Idan zai iya, to ka jira ƙarshen shari'a ka karɓi diyyarka. A nan ne yawancin buƙatun 'yan kasuwa ke faɗuwa.

A ce kun ƙulla da wani a Dawanau zai kawo maka buhu 500 na masara a kan farashi kaza, da farashi ya tashi sai ya juya ya sayar wa wani. Ya saɓa, babu ja. Amma masara tana nan a kasuwa. Ka saya a sabon farashi, ka nemi ya biya ka ratar da ke tsakani. Kotu ba za ta rufe masa sito saboda wannan ba. Haka siminti, haka takin zamani, haka duk hajar da ake samun irinta a ko'ina.

Abin yana sauyawa idan babu madadi. Fili irin wannan ne: fulotin da ke bakin titi kusa da shagonka ba daidai yake da wani fuloti mai girmansa a wata unguwa ba. Haka sirrin sana'a, in ya fita ya fita. Haka sunan da kamfani ya yi shekaru yana ginawa. Wani lokaci ma hajar yau da kullum takan zama marar madadi saboda yanayi. A lokacin ƙarancin man fetur na 1973, wani kamfani a Ingila, VIP Petroleum, ya yanke wa Sky Petroleum man da suka yi yarjejeniyar zai riƙa ba shi na tsawon shekaru. A ƙa'ida mai haja ce da ake saye a ko'ina, amma a wannan lokacin babu inda za a same shi, kuma gidajen man Sky za su durƙushe kafin a gama shari'a. Kotu ta hana VIP yanke wa Sky man. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai a ƙasar nan zai gane hikimar hukuncin.

Sai kuma yanayin wanda ake ƙara. Idan ya tabbata ba shi da abin da zai biya diyyar ko an yanke masa, alƙali kan saka wannan a ma'auni.

Iri nawa ne?

Ta fuskar lokaci, uku. Na gaggawa, mai 'yan kwanaki, wanda akan bayar kafin a saurari ɗaya ɓangaren. Na tsakiyar shari'a, wanda ake bayarwa bayan an ji kowa, ya tsaya har ranar hukunci. Sai na dindindin, wanda ke cikin hukuncin ƙarshe bayan mai ƙara ya tabbatar da haƙƙinsa.

Ta fuskar abin da ya ƙunsa, yawanci hani ne: kada ka sayar, kada ka ci gaba da gini. Akwai mai tilasta aiki, kamar a ce ka rushe katangar da ka yi ko ka buɗe shagon da ka garƙame, amma kotu tana da nauyin hannu wajen bayar da shi kafin a gama shari'a.

Me alƙali yake dubawa kafin ya ba da na tsakiyar shari'a?

Ma'aunin da ake bi ya samo asali daga shari'ar American Cyanamid da Ethicon a Ingila a 1975, kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta shimfiɗa nata a shari'ar Asibitin Obeya da Antoni Janar na Tarayya a 1987, da ta Kotoye da Babban Bankin Najeriya a 1989.

Da farko, kana da wani haƙƙi da doka ta sani, kuma akwai magana mai nauyi da ta cancanci a yi shari'a a kanta? Ba a neman ka nuna kai ne za ka yi nasara. Hasali ma an hana alƙali taɓa gundarin shari'ar a wannan mataki. Sannan a duba ko diyya za ta wadatar. Sannan a auna wahala: wa zai fi cutuwa, kai idan aka hana ka odar kuma daga baya ka yi nasara, ko shi idan aka ba ka kuma daga baya ya yi nasara? Idan ma'aunin ya yi kunnen doki, kotu ta fi son a bar abubuwa yadda suke kafin rigima ta tashi.

Abu biyu ke kashe buƙata ko da sauran sun cika. Ɗaya jinkiri. Wanda ya ga ana haƙa harsashi a filin da ya saya, ya yi shiru har gini ya kai linta, sannan ya rugo kotu yana cewa gaggawa, zai sha tambaya. Ɗayan kuma halin mai nema. Idan kai ma ba ka cika naka ɓangaren ba, misali wa'adin cikon kuɗi ya wuce ba ka biya ba, ko ka ɓoye wa kotu wata takarda, to ka raunana kanka. A ganina wannan ne mutane suka fi rainawa, suna tsammanin girman laifin abokin ciniki zai rufe nasu.

Duk wannan a rubuce ake gabatar da shi, cikin takardar rantsuwa, tare da kwafin yarjejeniya, rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, hotuna, har da saƙonnin WhatsApp. Yawanci ba a kiran shaidu su tsaya a akwati a wannan mataki, don haka abin da ba ka rubuta ba kamar bai faru ba ne.

Ana iya ba da oda a kaina ban sani ba, ba a ji ta bakina ba?

Ana iya, amma ƙofar ƙunci gare ta. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, saboda haka oda a bayan ido togaciya ce. A shari'ar Kotoye, Kotun Ƙoli ta ce sai in akwai gaggawa ta haƙiƙa, irin wadda kafin a kai wa ɗaya ɓangaren takarda abin da ake son karewa ya riga ya salwanta. Gaggawar da mutum ya jawo wa kansa da sakaci ba ta shiga ciki. Kuma irin wannan oda ba ta zama har ƙarshen shari'a. A Babbar Kotun Legas kwana 7 ne take faɗuwa in ba a sabunta ba, sauran kotuna kowace da wa'adinta a dokokin aikinta.

Mai nema dole ya faɗa wa alƙali komai, har abin da bai yi masa daɗi ba, tunda babu wanda zai faɗa a madadin wanda ba ya nan. In aka gano ya ɓoye wani abu mai muhimmanci, wannan kaɗai ya isa a soke odar.

An yi wasa da wannan ƙofa sosai, musamman a rigingimun siyasa. A 2021, kotuna a Ribas, Kebbi da Kuros Riba sun ba da umarni masu karo da juna kan shugabancin jam'iyyar PDP, kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta hukunta alƙalai uku da hana su ƙarin girma na wani lokaci. Ba batun kwangila ba ne, amma ya sa alƙalai da dama ƙara taka-tsantsan, kuma ɗan kasuwar da ke da gaggawa ta gaskiya shi ma yana jin tasirin hakan.

Lauyana ya ce sai na sa hannu a alkawarin biyan diyya. Ni da aka cuta?

E, kai. Kotu za ta ɗaure hannun mutum tun ba ta tabbatar ya yi laifi ba, don haka tana so ka ɗauki alkawarin cewa in ya bayyana bai kamata a ba ka odar ba, za ka biya shi asarar da ta jawo masa. Ka yi lissafi kafin ka sa hannu. Idan ka tsayar da ginin rukunin shaguna shekara 2, farashin rodi da siminti ya ninka, 'yan haya suka janye, sannan ka faɗi shari'a, ana iya bin ka wannan asarar. Odar kamar wuƙa ce mai baki biyu.

Na ba da kafin alƙalami a kan gida, yanzu na ji mai gidan yana neman wanda ya fi ni tayi. Me zan nema?

Wannan shi ne wurin da umarnin hani ya fi amfani. Lauya zai shigar da ƙara yana neman kotu ta tilasta a kammala cinikin, sannan a cikin ƙarar ya nemi a hana mai gidan sayarwa, jinginarwa ko rushewa har a yanke hukunci. Odar ba ta tsayawa ita kaɗai, dole ta rataya a jikin wata ƙara.

Abin da za a tono shi ne ko ciniki ya faɗa da gaske: an san gidan, an yanke farashi, an yi sallama, akwai rubutu. Maganar dillali cewa "an bar maka" ba ta da ƙarfin takardar da mai gida ya sa wa hannu. Sai kuma a ga a shirye kake ka cika kuɗin. Ka tuna ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, mayar da mallakar fili mai satifiket yana buƙatar amincewar gwamna, amma rashin kaiwa wannan mataki ba ya nufin mai gida yana da 'yancin tashin ciniki yadda ya ga dama.

Idan ya riga ya sayar, ko ya riga ya rushe fa?

Ba a hana abin da aka gama. Sai dai a nemi diyya, ko a nemi soke cinikin na biyu in mai sayen ya san da naka. In kuwa ya saya da zuciya ɗaya, ya biya, ya karɓi takardu bai san komai ba, matsayinsa kan fi naka ƙarfi.

Kotu za ta iya tilasta wa mawaƙi, ɗan wasa ko ma'aikaci ya cika kwantiraginsa?

Ba za ta tilasta masa aiki ba. Ba a sa mutum waƙa da ƙarfi, kuma doka tana ƙyamar duk abin da ya yi kama da aikin dole. Amma za ta iya hana shi yi wa wani, in ya yi alkawarin hakan.

Tushen wannan shari'ar Lumley da Wagner ce ta 1852. Johanna Wagner, mawaƙiya daga Jamus, ta ƙulla da Benjamin Lumley za ta yi waƙa wata 3 a gidan wasansa a Landan, kuma ba za ta yi a wani wuri ba a tsawon lokacin. Wani gidan wasa, Covent Garden, ya yi mata tayi mafi tsoka, ta karɓa. Alƙali ya ce ba shi da ikon sa ta buɗe baki a dandalin Lumley, amma yana da ikon hana ta hawa ɗaya dandalin, ya kuma hana.

Iyakar ita ce kada hanin ya zama tilas ta bayan gida. Idan sharaɗin ya toshe wa mutum kowace hanyar neman abinci har ya zama ko dai ya koma wa ubangidansa ko ya zauna da yunwa, kotu ba za ta goyi baya ba. Furodusan da ya rubuta cewa jarumi ba zai fito a fim ɗin wani ba har a gama ɗaukar nasa yana da abin riƙewa. Wanda ya rubuta cewa ba zai yi kowace irin sana'a ba tsawon shekara 10 ya yi wa kansa takardar banza.

Haka batun yaron shago da ya koyi harka ya tashi zai buɗe nasa. Sharaɗin hana gasa bayan barin aiki ana fara kallonsa a matsayin marar inganci, sai mai gida ya nuna yana kare wani abu na gaske, kamar sirrin haɗi ko jerin abokan ciniki, kuma tsawon lokacin da faɗin wurin ba su wuce kima ba. Ƙwarewar da yaro ya samu a hannunsa da kansa tasa ce, ba a hana shi amfani da ita.

An sallame ni daga aiki ba bisa ƙa'ida ba. Zan iya samun oda a bar ni a kujerata?

A kamfani mai zaman kansa, da wuya. Kotuna sun daɗe suna cewa ba sa ɗora wa ubangida ma'aikacin da ba ya so, kuɗi ne mafita. Wanda doka ce ta tsara aikinsa da yadda za a cire shi, kamar ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar ko malamin jami'ar gwamnati, shi ana iya mayar da shi, kamar yadda aka yi a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. Duk waɗannan yanzu Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai su, bisa sashe na 254C na tsarin mulki.

Ina bin mutum bashi, na ga yana ta kwashe dukiyarsa. Ba kun ce in kuɗi ne babu oda ba?

Nan akwai togaciya, ana kiranta odar Mareva, daga sunan wani kamfanin jiragen ruwa da ya same ta a Ingila a 1975. Kotu takan daskarar da asusu ko kadara daidai adadin da ake jayayya a kai, don kada ka ci shari'a ka tarar babu abin kamawa. Kotun Ƙoli ta amince da ita a shari'ar Sotuminu da Ocean Steamship a 1992. Zargi kawai ba ya isa, sai ka nuna alamun da ke tabbatar da yana shirin fitar da dukiyar ko ɓatar da ita. Kuma ba ta mayar da kai gaban sauran masu bin sa bashi, tsare dukiyar kawai take yi.

Banki zai yi gwanjon gidan da na jinginar. Oda za ta tsayar da shi?

Idan hujjarka ita ce lissafin bankin ya yi yawa, yawanci sai ka ajiye kuɗin da bankin ke nema a kotu kafin a tsayar da shi. Idan kuwa lokacin sayarwa bai yi ba, ko ba a ba ka sanarwar da yarjejeniya ta tanada ba, ko takardar jinginar kanta tana da matsala, to akwai magana.

Wace kotu zan nufa?

Rigimar kwangila zalla ta Babbar Kotun Jiha ce, ko ƙaramar kotu in kuɗin bai wuce huruminta ba. Kada sunan hukumar tarayya a takarda ya ja ka Babbar Kotun Tarayya. A shari'ar Onuorah da Matatar Mai ta Kaduna a 2005, Kotun Ƙoli ta ce kwangila zalla ba hurumin kotun tarayya ba ce ko da kamfanin gwamnatin tarayya ne a ciki. Odar da kotu marar hurumi ta bayar rushewa take yi tare da ƙarar, bayan an ɓata shekaru.

Idan ku biyun Musulmi ne kuma kuka kai maganar kotun shari'ar Musulunci, fiƙihun Malikiyya ya san dakatar da abin da ake jayayya a kansa, a hana sayar da shi ko sauya shi har a gama sauraron hujjoji. Idan kuma yarjejeniyarku ta ce masu sasanci za a kai wa rigima, Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta bar ƙofar neman matakin wucin gadi a kotu, ta kuma tanadi mai sasanci na gaggawa.

An ba ni oda, amma mutumin ya yi biris. Sai me?

Sai batun raina kotu, kuma yana da matakai da ba a tsallakewa. A kai masa odar tare da Fom 48, mai gargaɗin cewa ƙin bi zai kai shi gidan yari. In ya ci gaba, a kai masa Fom 49, ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ɗaure shi. Tunda 'yancin mutum ake magana, kuskure kaɗan wajen miƙa takardun yakan wargaza komai, kuma hujjar da ake nema mai ƙarfi ce irin ta shari'ar laifi. A kamfani, daraktocin da suka san da odar suna iya amsawa da kansu.

Kada ka ɗauki 'yan daba ka je aiwatar da ita da hannunka. Ko gwamnati ba a bar ta ba: a shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu a 1986, gwamnatin Legas ta fitar da Ojukwu da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu, kuma Kotun Ƙoli ta ƙi biya wa gwamnatin buƙatarta muddin tana cikin saɓa umarni. Caji ofis ma ba wurin wannan ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya.

Ni aka kawo wa odar, kuma na san ƙarya aka shirga. In bi?

Ka bi, sannan ka yaƙe ta. Oda tana aiki har ranar da kotu ta janye ta, ko da kuskure ne. In a bayan idonka aka bayar, lauyanka ya koma gaban alƙalin nan take ya nemi a soke, ya nuna abin da aka ɓoye. In bayan an saurare ku ne, sashe na 241 na tsarin mulki ya ba ka damar ɗaukaka ƙara kai tsaye a kan bayar da umarnin hani ko ƙin bayarwa, kuma kwana 14 gare ka. Ka riƙa ajiye lissafin duk asarar da odar ke jawo maka tun ranar farko, da rasit, domin da shi za ka bi alkawarin diyyar da mai ƙara ya sa wa hannu.

Abokin cinikina yana Maraɗi. Odar Kano za ta yi aiki a can?

Ba kai tsaye ba. Nijar tsarin Faransa take bi, kuma a harkar kasuwanci tana cikin ƙasashen OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. A can akwai alƙalin gaggawa da ke ba da matakin wucin gadi, akwai kamun kadara na riga-kafi kafin hukunci, kuma maimakon barazanar ɗauri sun fi amfani da tarar da ke ƙaruwa kowace rana har mutum ya bi umarni. Idan kayan ko asusun suna tsallaken iyaka, lauyan can za ka nema, kuma tun wajen rubuta yarjejeniya ya kamata ku faɗi kotun ƙasar da za ta saurari rigima da dokar da za a bi.